Kututturen Tamawa da 'Yan Kokawar Akwati

Baba ya miƙo mani ƙullin ina tsugune bakin murhu, ruwan tuwo na tafasa.

"Uwani, sa wannan a wuta."

Ko ban kwance ba na san abin da ke ciki, warin tsohuwar fata da man shanu ya gaya mani. Gurunshi ne na ƙugu, da kambu biyu na damtse, da warkin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana shiga filin kokawa da shi. Kayan da ko innarmu ba ta taɓa su sai ya ce ta miƙo. Na ɗaga kai na dube shi. Kwana biyar ke nan rabonshi da ya ci abincin kirki, wuyanshi ya zama kamar na zakaran da aka fige.

"Baba, mi suka yi maka?"

"Ba su yi mani komi ba. Ni na yi ma kaina ƙarya shekara da shekaru. Ashe wasan yara muka yi ta yi ana buga mana ganga. Sa su a wuta, kuma in kin samu mai zuwa Kurfi ki aika ma Sarkin Noma, bana su nemi wani ya buɗe masu fili. Ni na aje."

Ya juya yana laluben bango ya koma ɗakin zaure. Na jira sai da na ji ƙarar ƙyaure, sannan na ɗauki ƙullin na kai ɗakina na tura shi cikin babbar kwalla ta ƙasa, na jera sauran a bisa. Saƙon Kurfi kuwa ban aika ba.

To ku tsaya in gaya maku yadda aka yi har muka zo nan, don wannan maganar ce ta sa na ce a sayo mani littafi da biro. Na gaji da jin jikokina suna gaya ma abokansu wai kakarsu ta taɓa kada ƙato a ƙofar gida a Dutsin-Ma. Har waccan mai dogon baki, ɗiyar Asabe, ta kawo ƙawayenta su gan ni kamar wata kura. Ban kada kowa ba. Hannuna bai taɓa jikin namijin da ba muharramina ba, ranar nan ko wata rana. Sai da na wuce sittin na shiga ajin manya na koyi haɗa baƙi, kuma tunda Allah ya sa na iya, ba zan mutu in bar maku labarin a karkace ba.

Mahaifina, kakan iyayenku, sunanshi Audu, amma daga garinmu Tamawa har Kurfi har ƙauyukan Dutsin-Ma babu mai ce mashi Audu. Kututture ake ce mashi. Ba ƙato ba ne, ku daina zana shi a ranku kamar bishiyar kuka. Gajere ne, ƙafafu a bankare, amma in ya kafa su a ƙasa sai dai a sare shi. Duk shekarun da ya yi yana kokawa ba a taɓa raba ƙafarshi da ƙasa ba, kuma gwiwarshi ba ta taɓa shan rairayi ba. Ku yaran yanzu ba ku san dokar ba: a kokawarmu ta kaka, ko tafin hannu ka dafa, ko gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa, shi ke nan an kada ka. Babu tashi a sake. Ka kakkaɓe jikinka ka koma ƙauyenku ka jira wata shekarar, 'yan mata na yi maka waƙa a hanya. Da ya tsufa sai aka ba shi filin Kurfi, shi ke fara shiga da kayanshi a yi mashi kiɗa, sannan ya zamna ya raba gardama. Ni ce 'yar farinshi, kuma an daɗe ba a samu namiji bayana ba, don haka ni ke kai mashi ruwa bayan gari inda yake koya ma samari. Sunan innarshi gare ni, shi ya sa yake ce mani Uwani. Yana zaunar da ni bisa tushen gawo ya ce, kar ki kalli fuskarsu, fuska maƙaryaciya ce, ƙafa za ki kalla. Haka na tashi. Har yau in mutum ya shigo gaishe ni, ƙafarshi nake fara gani.

Shekarar da nake ba ku labari, yanar ido ta rufe mashi gani. Yana ganin mutum kamar inuwa cikin ruwa. Aka ce likitocin ido za su zo Dutsin-Ma bayan damina, sai a zo a jira. Kun san uba ba ya son kwana gidan suruki, amma ba mu da kowa a garin sai ni, dole ya haƙura aka gyara mashi ɗakin zaure. Kakanku Malam, Allah ya jiƙan shi, ya girmama shi iyakar girmamawa. Ba ya haɗa ido da shi, in zai wuce sai ya cire takalmi. Wannan kam ba zan ci haƙƙinshi ba.

Malam tela ne, kuma a shekarar ya sayo talabijin, ta biyu a duk unguwarmu. Mai baƙi da fari ce, tana da ƙyaure biyu kamar kabad, in an gama kallo a rufe a lulluɓe da zane. An ɗaure eriya bisa doguwar gora, in iska ta kaɗa sai hoton ya koma kamar an watsa gero a faranti, sai an fita an murɗa gorar ana tambaya daga waje, ya yi, bai yi ba. Wuta ba ta iso layinmu ba, da batirin mota ake kunna ta. Batirin kuwa na Tanko Direba ne, abokin Malam, mai jan babbar mota zuwa Ikko. Wani dogo ne mai ƙirji kamar ƙofar gari, shi kaɗai yake ɗaga tayar motarshi ya jefa a bodi. Ku riƙe wannan, don in babu Tanko babu kallo, shi ya sa duk abin da ya faɗa a zauren nan sai a ce haka ne.

Ranar Asabar bayan la'asar ake nuna kokawar Turawa. Tun azahar maza ke fara aje takalma don kama wuri. Mu mata ba mu da rabo sai ihu da muke ji daga cikin gida, amma ƙyauren da ya raba zaure da tsakar gida yana da wata tsaga inda katako ya rabu, daidai idon mutum in ya ranƙwafa. Nan ne kujerata. Ba mu san sunayensu ba, mu muka raɗa masu namu. Akwai Buhun Gero, wani mai tumbi da ke zamne ma mutane a ƙirji. Akwai Mai Takunkumi, wanda ba a taɓa ganin fuskarshi ba, Tanko ya ce wai wuta ce ta cinye ta. Akwai Farin Gashi, kyakkyawa, shi kowa ke so, kullum sai an yi mashi dukan mutuwa sannan ya fara karkarwa ya miƙe. Akwai wani ɗan tsamurmuri mai sanda da ba ya kokawa, aikinshi ya zagaya bakin igiya ya ja ƙafar mutane. Sai alƙalinsu mai riga zane-zane, wanda ban taɓa ganin makaho irinshi ba, za a kwaɗa ma mutum kujera a ka yana can yana ma wani faɗa a lungu. In an danne mutum sai ya kwanta ya bugi ƙasa sau uku, kuma kullum a na biyu wanda aka danne yake zabura.

Asabar ta farko Malam ya sa aka aje ma Baba kujera gaba, don girmamawa. Da ya sani da bai yi ba. Baba ba ya ganin komi sai inuwoyi suna tashi sama suna faɗowa, sai ƙarar katako, sai bakin Tanko a kunnenshi.

"Baba Kututture, ka ga wannan? Ya ɗaga shi sama da kai ya maka da ƙasa. Ga shi ya tashi. Sau shida ke nan."

"Ya tashi?"

"Ya tashi garau. Ai waɗannan su ne maza. Ba irin taku ba, a riƙe ƙugu ana nishi kamar masu jan guga, mutum ya dafa ƙasa a ce an gama."

Aka yi dariya. Malam bai yi ba, sai dai ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

"Na gan su da idona a Ikko," in ji Tanko. "Ɗayansu rago guda yake cinyewa da safe. Da za a kawo Buhun Gero Kurfi, da hannu ɗaya zai tattara ku duka, kai da yaranka."

Baba mutum ne da bai iya ƙarya ba, don haka bai san ana yin ta da jiki ba. A saninshi in an ɗaga mutum sama aka sake shi bisa katako, ko dai ya mutu ko a ɗauke shi a kai ma mai ɗori. To ga waɗansu ana yi masu haka sau goma suna tashi. Ya yi lissafinshi shi kaɗai cikin duhun idonshi, ya ga cewa duk kirarin da aka yi mashi a duniya na banza ne. Asabar ta biyu ya sake zama, ana gamawa ya shige ɗakinshi. Daga nan ya fara maido kwano. In na kai fura ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya daina ba yara labari, ya daina fita masallaci sai an jawo shi. Malam ya ce ko a kira mai magani, na ce ba ciwon magani ba ne.

Ni kuwa tun Asabar ta farko wani abu ke damuna a tsagar ƙyauren nan, na kasa kama shi. Hoton ƙarami ne, ga kawunan maza. Sai bayan Baba ya ba ni ƙullin nan na ce yau ba zan kalli fuskar kowa ba, ba ruwana da Farin Gashi da kyanshi. Asabar ta uku na ranƙwafa tun daga farko har ƙarshe, bayana kamar zai tsinke, ina kallon ƙafafu kaɗai. Kafin a kira magariba na gama ganin su tsirara. Na koma bakin murhu ina dariya ni kaɗai har tuwona ya kama.

Na fara gaya ma Malam, don kar ku ce ban bi hanya ba. Na ce mashi mutanen nan taimakon juna suke, ya gaya ma Baba a gaban Tanko. Ya ce, ke ina ruwanki da harkar maza, Turawa ne za su zauna su yi maki ƙarya a talabijin? Na je na gaya ma Baba a ɗakinshi. Ya ce, Allah ya yi maki albarka Uwani, kina son in ci tuwo ne. Ya juya fuska bango. Nan na gane cewa a inda aka kashe shi, nan za a tashe shi, a gaban mutanen da suka yi dariya. Mako guda na yi ina juya abin. Na san matar aure ba ta shiga zaure maza na zaune. Na san uwar Malam, Hajiya, tana ɗaki tana jin motsin kowa. Na san abin da zai iya biyo baya. Amma duk safiya in na karɓo kwanon Baba sai in ji ya fi na jiya nauyi.

Asabar ta huɗu Baba ya ce ba zai fito ba. Tanko da kanshi ya leƙa ɗakin ya kamo hannunshi.

"Haba Baba, yau Buhun Gero da Mai Takunkumi ne. Zo ka ƙara ilimi."

Na dama kunun tsamiya a babbar ƙwarya, na yafa mayafi, na tura ƙyauren da ƙafa. Maza sun fi ashirin. Na aje ƙwaryar gaban Baba, maimakon in juya sai na tsaya bayan kujerarshi. Malam ya ɗago ya dube ni, ya yi mani alama da ido. Na yi kamar ban gani ba. Na ce,

"Ku yi haƙuri, iyayena da yayyena. Magana ɗaya zan yi. Yanzu Mai Takunkumi zai ɗaga Buhun Gero. Kar ku kalli mai ɗagawa. Ku kalli gwiwar mai tumbin, zai ɗan durƙusa ya yi tsalle da kanshi. Kuma ku kalli hannunshi na hagu, zai dafa cinyar wancan ya tallafi nauyinshi."

Ban rufe baki ba abin ya faru, kamar sun ji ni. Ya durƙusa, ya yi tsalle, ya dafa. Maza suka zuba ido, Turawa na ta ihu a cikin akwati.

"Ga naushi nan zai zo. Ƙarar da za ku ji ba ta hannu ba ce, ƙafa yake bugawa a katako. Ku kalli ƙafar dama."

Ya buga. Wani tsoho mai sayar da goro, Malam Haruna, ya matsa har hancinshi na neman taɓa gilashin, ya ce, wallahi ƙafa ce.

"Ke, shiga gida," in ji kakanku Malam, a hankali.

Tanko ya miƙe, kanshi na neman rufin zaure.

"Malam, yaushe mata suka fara yi mana fassara? Ni da na gan su ido da ido?"

"Yaya Tanko, ban ce ba ka gan su ba. Buhun Gero ya yi Baba uku a nauyi, ga shi an ɗaga shi kamar tulun da ba ruwa. Kai kuma kana ɗaga tayar babbar mota. To ga Baba nan, tsoho ne, rabonshi da abinci ya kai mako biyu. Raba ƙafarshi da ƙasa, ko da faɗin yatsa ne. In ka yi, ni da bakina zan ce kokawar Kurfi wasan yara ce."

Na faɗa ban shawarci Baba ba, kuma in ƙaton nan ya karya shi ni na kashe ubana. Sai Baba ya yi magana, bai juyo ba.

"Uwani. Wanda ake ɗagawa, kafin a ɗaga shi, ina duga-duganshi?"

"A sama, Baba. Bisa yatsu yake tsaye."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"Ƙugunshi fa, baya yake kai shi ko gaba?"

"Gaba yake kawo shi. Miƙa mashi yake."

Sai na ga kafaɗunshi suna motsi, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce. Ya ɗauki ludayi ya sha kunu uku, ya goge baki, ya tuɓe rigarshi ya miƙa mani ta baya.

"Ɗana Tanko, mu je waje. Nan akwai kayan mutane."

Aka fita ƙofar gida inda rairayi yake. Babu wanda ya tsaya ma talabijin, tana ta yi ita kaɗai. Ni na tsaya bakin zaure rungume da riga, ko taki ɗaya ban ƙara ba, ku rubuta wannan. Baba ya tsaya daga shi sai wando, haƙarƙarinshi a waje ana iya ƙirgawa. Ya murza ƙafafu cikin rairayi har suka nutse, ya buɗe hannu. Tanko yana dariya yana cewa a yi shaida ba shi ya nema ba. Ya rungumo ƙugun Baba ya ɗaga. Babu abin da ya tashi. Ya gyara tsayuwa ya sake, jijiyar wuyanshi ta fito kamar igiyar guga. Baba ya saki nauyinshi ƙasa, ya kai ƙugu baya, ya sa goshi a ƙirjin Tanko ya zauna nan kamar an dasa shi tun kakanni. Dariyar Tanko ta ƙare. A na uku ya fusata, ya ja da baya don ya fizgo da ƙarfi, sai na ga diddigenshi na dama ya bar ƙasa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ta dama, Baba."

Taɗiya ɗaya. Ban ma ga ƙafar Baba ta fita ba, sai dai na ga ta dawo. Tanko ya tafi da baya gaba ɗayanshi, ƙasa ta amsa, hularshi ta yi cikin kwata. Malam Haruna mai goro, tsoho da gemu, ya kwanta rub da ciki gefenshi ya fara bugun rairayi yana ƙirgawa irin na mai riga zane-zane. Ya buga ɗaya, ya ɗaga hannu zai buga na biyu, Baba ya ce,

"Haruna, tashi kar ka ɓata rigarka. Mu ɗaya ce. Da gaske muke faɗuwa, shi ya sa ba mu maimaitawa."

Har matan maƙwabta sai da suka yi guɗa ta bisa katanga. Baba ya laluba ya kamo hannun Tanko ya tashe shi, ya kakkaɓe mashi baya, ya ce kana da ƙarfi ɗana, ƙafa ce ba ka da ita. Da ya zo karɓar rigarshi ya rage murya ya ce mani, na ji ta tun kafin ki faɗa, kar ki ɗauka ke kika yi. Sannan ya ce a tuƙa tuwo da yawa. Malmala huɗu ya ci, ya suɗe kwano. Yana wanke hannu ya tambaye ni,

"Abin nan da na ba ki, ya ƙone?"

"Itacen ranar ɗanye ne, Baba. Ya ƙi kamawa."

"Haka na yi zato."

Yanzu ga kuɗin da na biya, don kar ku ɗauka a banza ake irin wannan. Tanko bai ko tsaya neman hula ba, ya shiga zaure ya cire batirinshi ana tsakiyar kokawa ya saɓa a kafaɗa ya tafi. Hajiya ta kira ɗanta ɗaki, ina jin ta tana cewa an maida gidanta dandali, matarshi ta tsaya cikin maza tana haɗa faɗa. Da gari ya waye Malam ya tsaya bakin ƙofata, bai shigo ba, ya ce in je gida sai ya neme ni. Ban roƙe shi ba. Na ɗauki goyona, babarku Asabe ce lokacin, na sauke kwallaye na ciro ƙullin. Baba ya ce ba zai kwana gidan da aka kori ɗiyarshi ba ko da likitocin a ƙofa suke. Muka hau motar Kurfi tare. Likitocin sun zo bayan tafiyarmu da kwana goma da ɗoriya, sun yi aikinsu sun tafi. Sai wata shekarar aka yi ma Baba, kuma lokacin idon hagu ya riga ya mutu, na dama kaɗai aka ceto. Wannan yana wuyana har gobe. Na taɓa faɗa mashi haka, ya ce in ba don ranar nan ba da idon biyu za a binne shi da su tun kafin likitocin su iso. Hajiya kuwa har ta koma ga Allah ba ta sake kirana da sunana ba, sai dai mai shiga zaure.

Kar kuma ku ce na tsani 'yan kokawar akwati. Bayan shekaru, da muka samu wuta, ni ke fara zama gaban talabijin ranar Asabar. Mutum ya faɗo daga bisa igiya da bayanshi ya tashi, ko da shiri ne, sana'a ce, kuma ba kowa zai iya ba. Wasa suke, sun kuma iya wasansu. Na yanzu da kuke nuna mani a waya duk hayaƙi ne da surutu, ba su kama ƙafar Buhun Gero ba. Abin da ban yarda ba shi ne a ɗauki wasa a auna ubana da shi.

Wata biyu na yi a Tamawa. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka sa ranar kokawa a Kurfi. Ranar da safe sai ga babbar mota ta tsaya bakin gari, Malam ya sauko da kawunshi, sun zo biko. Mai jan motar Tanko ne. Ya zo ya durƙusa gaban Baba da ƙwaryar goro, ya ce tun ranar nan yaran tasha ke ce mashi Buhun Gero, ya zo ya ga kokawar da idonshi. Baba ya ce maganar biko sai an tashi daga fili, yau yana da aiki. Malam ya saci kallona, na kalli ƙafarshi, na ga babban yatsa na tonon ƙasa cikin takalmi. Na san na riga na ci wannan.

Da la'asar fili ya cika, mutanen Tamawa gabas, na Dabawa yamma, har bisa itatuwa. Makaɗa suka juya kiɗa, maroƙi ya fara kiran Kututture, ƙasa ta riƙe ka ta hana kowa. Baba ya fito da warki da guru da kambu biyu, suna lilo a damtsen da ya rame, Tanko na riƙe da buzunshi a baya. Ya zagaya fili sau ɗaya, ya murza ƙafa a tsakiya, jama'a suka ɗauka gaba ɗaya. Ni ina can gefe cikin masu sayar da fura, inda Baba ya ce in tsaya kar in matsa.

Karawar ƙarshe tsakanin wani yaronshi ne na Tamawa, wanda ya koya ma kokawa da hannunshi, da wani baƙin saurayi na Dabawa. Suka daɗe a sarƙe, sai suka zube kusan tare, ƙura ta rufe su. Gabas na cewa namu ne, yamma na cewa namu ne, har an fara ɗaga sanduna. Aka juyo ga Baba. Ya miƙe bisa buzu, ya ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya. Ya juya fuskarshi wajen masu fura.

"Uwani, wa ya fara taɓa ƙasa?"

Duk filin Kurfi ya juyo yana kallona, har da Malam da kawunshi. Na gyara goyona.

"Namu ne, Baba. Gwiwar hagu."

Baba ya taka har tsakiyar fili, ya laluba ya kamo hannun na Dabawa ya ɗaga sama.